Zanen da Bai Sha Iska Ba

Daga mahaifinka Isa Marini, a Dungas, zuwa ga ɗana Mamman. Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Damagaram kafin motarku ta tashi. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin abokin hanya, ya sauke ka Dakar cikin aminci. Uwarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Uwarka ce ta faɗa mini abin da ka gaya mata a bakin zaure ranar da za ka tafi, wai in ka ji jikina ya tsananta za ka ajiye lekkol, makarantar likitan nan, ka dawo. Ni ba ka faɗa mini ba, don ka san abin da za ka ji. To jikin zai tsananta, wannan ba sai an je wurin mai duba ba, kai ma ka ga wuyana da idonka. Kuma ba za ka dawo ba. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu ke nan, da hannun da ya fi sabawa da muciyar karofi a kan alƙalami. Ka karanta a hankali, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, ciwon yana sauka har kafaɗa.

Ka san na je Dakar an gasa mini wuya da hasken na'ura, ka san na dawo da sauƙi, ka san abin ya komo. Abin da ban taɓa zama na warware maka ba shi ne yadda aka yi, domin lokacin kana lekkol, in ka zo hutu kuma ba na son in cika ka da zancen ciwo. Yanzu da za ka shiga aikin, ya kamata ka ji shi daga bakin wanda aka kwantar a ƙarƙashin na'urar.

Farkon wautata rawani ne. Ƙullin ya fito nan ƙarƙashin muƙamuƙi, bai fi ƙwayar gurjiya ba, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na ce kaluluwa ce, za ta baje. Da ta ƙi bajewa sai na sauko da rawanina ƙasa kaɗan na rufe ta. Da ta ƙaru na ƙara zagaye ɗaya. Har mutanen kasuwar Guci suka fara tsokanata, suna cewa Isa ya fara naɗin sarauta ba a ba shi gari ba. Ina dariya tare da su. Uwarka kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, abin nan fa ba na rawani ba ne, ka je Magarya a duba." Na ce mata ni da na yi soja na ga ƙafar mutum a gefe guda shi a gefe guda, ba zan kai wa nasara ƙurji ya yi mini dariya ba. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sai da hadiye tuwo ya fara zama aiki sannan na hau jaki na tafi, lokacin ƙullin ya kai ƙwan agwagwa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, amma mutanenmu suna ɓoyewa, kuma ba don wauta kaɗai ba, har da kunya da tsoro. Saboda haka in dattijo ya shigo wurinka da rawani har gemu yana ce maka ciwon kai ne ya kawo shi, kada ka miƙa masa ƙwaya ka ce na gaba ya shigo. Ka gaishe shi yadda ake gaida manya, ka tambayi gona da iyali, sannan ka roƙe shi ya kwance rawanin. Ka taɓa da hannunka. Mace ma haka, abin da take rufewa da mayafi shi ya kawo ta.

Daga Magarya aka tura ni Damagaram, daga can kuma, saboda ni tsohon soja ne, aka sa ni a jirgi zuwa babban gidan likita na Dakar. A can suka ce ciwon daji ne, ya kama jijiyoyi, wuƙa ba za ta iya ba, sai haske. Ɗaki ne mai kaurin bango, a kwantar da kai, a juyo da kan wata na'ura saitin wuyanka, kowa ya fita ya bar ka. Ba ka ganin komai, ba ka jin komai, sai ƙugin ƙarfe. Kafin a shigar da kai kuma ana yi maka wata allura a jijiyar hannu. Babu wanda ya ce mini ga amfaninta. Faransancina na bariki ne, na "zo nan" da "tafi can", su kuma masu farar riga suna sauri kamar ana korar su.

Nan na yi wautata ta biyu. Ana yi mini allurar, sai a ce in zauna a benci, ni ne na gaba. To a bencin akwai tsofaffi, wani ya girmi ubana, wani an kawo shi a kan kujera. Ni ɗan Dungas, yaya za a yi in tsallake mai furfura in shige? Sai in ce, "Baba, bismilla." Wani ya zo, in ce bismilla. Wata rana har azahar ta yi ina zaune, in fita in yi salla in dawo, sannan in shiga. Mai kiran suna ba ruwansa, in dai benci yana raguwa. Ni kuwa ina jin daɗin kaina, ina cewa ko a garin mutane ban zubar da tarbiyya ba. Allurar ma ban ɗauke ta a bakin komai ba, tunda ba ta rage zafi, ba ta sa barci, ƙullin kuma bai san an yi ta ba.

Ta ukun ita ce babba. Hasken yana sa kasala, fatar wuya ta yi baƙi ta saluɓe, baki ya bushe. A unguwar da Hausawa suke zama na gamu da wani wanzami, Idi, mutumin Kwaya, ya daɗe a can. Jin Hausar gida kaɗai ya isa ya sa na ji kamar na warke. Ya dubi wuyana ya girgiza kai ya ce, "Sarkin marina, wutar nasara ta dafa maka jini. Mataccen jini ne ya taru, in ba a fitar ba shi zai kashe ka, ba ƙullin ba." Maganar ta shige ni, domin abin da na tashi na gani ke nan. Ubana duk shekara sai an yi masa ƙaho, kuma ya kai tsufa yana tsoma zane. Na kwanta Idi ya jera mini ƙaho a baya da kafaɗu. Jinin ya fito baƙi ƙirin, ya nuna mini a ƙoƙo, na ce alhamdu lillahi. Na koma, na sake komawa, duk ranar da ba a haske sai in je. Ga shi abincinsu na shinkafa da kifi bai karɓe ni ba, ina taɓawa in ture. Na zama kamar kara, ina tashi jiri na ɗibata, ni kuwa ina cewa dattin ne yake fita.

Akwai wani lokotoro, likita baƙar fata, mutumin Dahome, mai tabarau, wanda ya taɓa aiki a Damagaram yana jin Hausar kasuwa. Ran nan ya zo duba ƙullin ya ga bai ragu yadda suke so ba. Ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa, ya ce in tuɓe riga. Da ya ga sawun ƙaho a jere a bayana, na ɗauka zai yi faɗa irin na bariki, har na shirya amsa. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya kama hannuna yana juya shi, yana kallon shunin da ya riga ya zama fatata.

Ya ce, "Baba, rini kake yi?"

Na ce tun kakana.

Ya ce, "In ka ciro zane daga karofi, da wane launi yake fitowa?"

Na ce, "Tsanwa-tsanwa, kamar ɗanyen ganye."

"Me ke mai da shi baƙi?"

"Iska. Sai an warware shi an shanya ya sha iska, sannan shuni ya kama."

"In ka dunƙule shi ka jefa a ruwa bai sha iska ba fa?"

Na ce, "Ka yi aikin banza, shunin zai zube. In ma ka bar shi a dunƙule, bayan ya yi baƙi, cikin ya fito fari-fari."

Ya ce, "To wuyanka ke nan."

Abin da ya gaya mini daga nan zan rubuta maka yadda na riƙe shi. Malamanku za su faɗa maka da sunayensa na gaskiya, in na yi kuskure ka gyara a ranka, kada ka yi wa tsoho dariya.

Ya ce naman mutum 'yan ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani, kowane da wani zare a cikinsa wanda da shi yake haihuwar wani ɗakin. Ciwon daji ɗakuna ne da suka ƙi daina haihuwa. Hasken na'ura ana so ya tsinka musu zaren. Amma yawanci ba zaren yake samu kai tsaye ba, ruwan da ke kewaye da shi yake bugu, domin jikinmu galibi ruwa ne. In ya bugi ruwan sai ya farfasa shi, ɓaraguzan kuwa mayunwata ne, ba sa daɗewa ko ƙiftawar ido, duk abin da ke kusa sai sun fizgi wani abu daga jikinsa. In suka fizga daga zaren sai su bar masa rauni a buɗe.

Ya ce daga nan tsere ne tsakanin abu biyu. A cikin kowane ɗaki akwai wasu masu gyara, masu ɗauke da farar wuta a jikinsu, da suke mayar wa zaren abin da aka fizge, ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Akwai kuma iskar da jini yake ɗaukowa daga huhu, wadda suke kira oksijan. In ita ta riga isa, sai ta manne a bakin raunin ta kafe shi, masu gyara su zo su tarar ba abin da za su iya. Wannan ɗakin in ya tashi haihuwa sai ya mutu. Haske yana yin rauni, iska ce take sa raunin ya zauna, kamar yadda take sa shuni ya zauna a zane.

Sai ya danna ƙullin da yatsa ya ce, "Wannan ya girma ya fi ƙarfin hanyoyin jininsa. Na bakin suna samun iska, haske yana cin su. Na can tsakiya a dunƙule suke, iskar tana ƙarewa kafin ta kai gare su, sai an ninka musu haske biyu ko uku kafin su ji, kuma in muka ninka za mu ƙone maka wuyan gaba ɗaya. 'Yar iskar da ke isa gare su, jininka ne yake kai ta. Shi ne kake zubarwa a ƙoƙo."

Mamman, na sha jin magana mai zafi a duniya, kumandan ya zage ni a gaban jama'a, ban ji abin da na ji a ranar ba. Na ce masa ai jinin baƙi ne, matacce. Ya ce jinin kowa haka yake fitowa in ya sauke iskarsa, da an bar shi da ya koma huhu ya ɗauko wata.

Na tambaye shi allurar fa. Ya ce ita kaɗai ba ta kashe komai, kamar yadda toka ba ta rina zane amma in babu ita a karofi shuni ba ya aiki. Ana fata ne ta taru a cikin ƙullin ta riƙe hannun masu gyaran nan, ta shagaltar da farar wutarsu, daidai lokacin da haske zai sauka. Ba ta daɗewa, jiki yana wanke ta. Shi ya sa ake yin ta dab da shiga. Da na gaya masa yadda nake ba tsofaffi wurina, ya cire tabarau ya dafe goshi.

Ga wani abu da ya sa har gobe nake ganin girman mutumin nan. Bai ce mini da ban yi ƙaho ba da na warke ba. Ya ce allurar ma gwaji ake yi, wasu likitoci sun yarda da ita, wasu suna cewa ba ta ƙara komai. Ya ce abin da ake nema, ba a samu ba tukuna, shi ne magani mai kwaɗayi irin na iska, wanda zai manne a raunin ya kafe shi, amma naman bakin hanya ba zai cinye shi ba kafin ya kai tsakiya. Wasu kuma suna tunanin a ba ciwon wani abu mai kama da kayan zarensa, ya saƙa da shi bai sani ba, zaren ya zama rubaɓɓe, haske kaɗan ya tsinka shi. Ya ce, "Wataƙila 'ya'yanmu su gani, Baba. Ni da kai dai da abin da ke hannu za mu yi."

Ka riƙe wannan. Kada ka yi wa majinyaci alkawarin abin da ba ka da shi, kada kuma ka ɗora masa laifin mutuwarsa don ka wanke maganinka. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ba ya rage wa likita komai.

Daga ranar na daina zuwa wurin Idi. Suka dura mini hanta da ƙwayoyin ƙarin jini, ana yi mini allura ina shigewa ko wa ke benci, ina sunkuyar da kai don kunya. Amma kwanakin hasken sun riga sun ci rabi da wani abu, kuma fata tana da iyakar abin da za ta ɗauka, ba a sakewa. Ƙullin ya baje har ba a ganinsa, na dawo gida, ka tuna har rago aka yanka. Ni dai na san akwai cikin zanen da bai sha iska ba. Da ya tashi dawowa, a daidai wurin ya fito.

Kada ka riƙe Idi a ranka. Abin da ya gada ya yi mini, da zuciya ɗaya, ko dala bai karɓa ba. Kuma in ka dawo da farar riga kada ka bi wanzamai da zagi, su ne a kowane ƙauye, kai kuwa kai kaɗai ne. Ka zauna da su ka gaya musu wane ne ba a yi wa ƙaho. Haushina, in gaya maka gaskiya, yana kan gidan likitar nan ne. Na yi kwana da kwanaki ina shiga ina fita, babu wanda ya ɓata lokaci ko na shan ruwa ɗaya ya gaya mini da harshen da nake ji abin da allurar take yi da abin da jinina yake yi. Maganar da mai tabarau ya yi mini ba ta fi a ci goro a tashi ba. Da a ranar farko na ji ta, da na tsallake tsofaffin Dakar duka ina ba su haƙuri. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi baƙi, sai in yi istigfari, domin kwana in ya ƙare ya ƙare.

Yanzu ka gane abin da ya sa ba za ka dawo ba. Daga Sassumbrum har Guci, mutum nawa ne zai iya shiga ɗakin na'urar nan ya fito ya yi wa manomi bayani da Hausa? In ka juyo saboda ni, me za ka yi mini? Ka riƙe mini ƙoƙon kunu? Uwarka tana yi, ta fi ka iyawa. Za ka zauna ka kalle ni ina raguwa, a ba wani wurinka a lekkol, in an kai ni a dawo kai kuma ka gaji karofin da yadin kanti ya riga ya kashe wa kasuwa. Sannan wani mai rawani ya je Dakar ya zauna a benci yana cewa bismilla. Ina son ganinka, kada ka ɗauka ba na so. Tun da ka fita nake jin motsi a zaure ina ɗaga kai. Amma na ba tsofaffi wurina sau da yawa don kunya, na ga abin da ya jawo, ba zan bari ka ba ni naka ba.

Ka ci abincinsu ko bai yi maka daɗi ba. Ka riƙe salla. In malami ya yi bayani ba ka gane ba ka tambaya, ko za a yi maka dariya. In Allah ya sa mai tabarau yana nan, ka gaishe shi, ka ce ɗan marinin Dungas ne.

A ƙasan ƙunshin kayanka uwarka ta sa maka riga. Ita ce abin da na rina na ƙarshe. Ƙaninka ne ya riƙa ciro mini ita don hannun ba ya ɗaguwa, amma ni na warware ta da kaina, kowace tsoma, na buɗe kowane lungu ya sha iska. Ka duba hammata da cikin aljihu, ba za ka sami fari ba. Ba za ta zuba ba ko ka wanke ta da ruwan teku.

Ka san tun tasowarka farin yadi bai taɓa shiga gidan nan ya fita fari ba. Yanzu akwai guda ɗaya. Na aika an sayo shi a Magarya, uwarka ta naɗe shi ta sa a ƙasan adaka. Shi ba ya bukatar marini, ba ya bukatar likita, maƙwabta sun isa su yi abin da ya rage. In labari ya same ka, ka yi alwala ka yi mini addu'a a inda kake, ka yi kukanka, gari ya waye ka tafi aji. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Allah ya kiyaye ka a ƙasar mutane, ya buɗe maka ƙirji, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya sada mu da alheri, in ba a nan ba, a inda babu ciwo. Wassalam.

Mahaifinka,
Isa Marini, Dungas.